Molon da Muka Goya

Ban taɓa mantawa da ranar da na raka Buba Maimolo filin jirgin Sakkwato ba. Lokacin ina masinjan En'e a Boɗinga, Turawa ba su kai ga tafiya ba. Aka ce in ɗauko shi daga Shagari, shi da matarsa Hajo mai yi masa amshi, in sa su a jirgin Kano, za a ɗauki kiɗansa a rediyo.

Dokar jirgin ita ce duk kaya a ma'ajiyar kayan jirgin ake jibge su, tare da akwatunan ƙarfe. Molon kuwa gadon ubansa ne, fatar ta tsufa, akwati ɗaya ya hau ta an gama. Buba ya kafe: "Wallah ba ni ba su shi. In ya fashe, da mi ni ka ci da gida?"

Ni kuma ba ni da fuskar komawa in ce ma Wakilin En'e da ya aiko ni an fasa tafiya. Muka zaga bayan rumfa, Hajo ta goya molon, ta lulluɓe da babban mayafi har ka.

Baturen da ke duba fasinja irin masu ji da Hausarsu ne. Ya nufo goyon yana murmushi. "Sannu, uwar yaro. Yaya sunansa?"

Hajo ta sunkuyar da kai. Na yi wuf na ce, "Ranka shi daɗe, ɗan farinta na. Nan ƙasar uwa ba ta faɗin sunanai, kunya a ka yi."

Ya ja da baya, ya ce lalle ya san wannan al'ada, har ya ba ta kujerar gaba. Ina ta yi masa dariya a ciki.

Da suka hau, Baturen ya yafito ni gefe, ya rage murya. "Masinja, je ka gaya musu su sassauta wa yaron tsirkiya. Sanyin sama yana tsinka ta."

Kunya ta rufe ni. Na ruga na faɗa, Buba ya cusa hannu cikin mayafi ya sassauta. Molo ya je Kano lafiya.

Tun ranar, in na gabana ya yi kamar bai gani ba, ba na ɗaukarsa wawa. Sau da yawa rufa mini asiri yake yi.