Inda Na Tsaya a Labarin Akuya

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha uku ga Zulƙida 1387, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdussalami, mai tsaron ƙofar tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa, a ƙauyenmu na yankin Jazira. Ni Maliki, abokinsa na shekara ashirin da biyu, ba da ni aka kai shi makwancinsa ba. Abin da ke cin raina ke nan.

Abdussalami, da ma can ka san ban iya zama ba. Yau sau shida na tashi daga tabarmar makoki. Na je na duba shayi, na dawo, na je bakin tur'a, na tarar da dutsen da kake zama a kai, na sake dawowa. Dattawa suna ta harara ta.

Kai ma sun harare ka tsawon rayuwarka. Sun ce kana da girman kai, don ba ka jan gaisuwa. A tambaye ka gida da gajiya da yara, ka ce "lafiya" sau ɗaya, idonka na kan ruwa. Mufattish, babban jami'in duba gonaki, da kansa ya taɓa tsayawa da motarsa yana yabon aikinka, ka ce masa ruwa ya ragu da yatsa biyu, ka juya. Wallahi na yi dariya har na faɗi. Amma a shekarun nan duka, gonar wa ta taɓa kwana da ƙishi a hannunka? Ko ta matar da mijinta ya rasu, wadda ke can ƙarshen layi, sai ka taka da ƙafa ka ga ruwa ya isa.

Ni kuma aka ce bakina ba ya da linzami. In fara zancen auduga, in faɗa zancen jirgin ƙasa, in ƙare a kan wani kawuna na Abu Na'ama. Mutane sukan watse su bar ni. Kai kaɗai ba ka watsewa. Ba mu taɓa zama muna fuskantar juna ba, sai dai kafaɗa da kafaɗa, muna kallon ruwa. Kai ka yi mini zancen tsuntsayen tur'a har la'asar, ni in katse ka sau goma da labarin direban jirgi, in bar shi ban ƙarasa ba. Sai bayan kwana uku ka ce, "Ka tsaya ne a inda direban ya sauka." Duk zancen da na yar, kai ke tsince mini shi.

Ranar Asabar na same ka a kwance, zazzaɓi ya ci ƙarfinka. Na fara ba ka labarin akuyar Zainabu matata, na ga leɓenka ya bushe, na zabura na ce zan kawo maka lemun tsami daga Sennar, gobe ina nan. A kasuwa na haɗu da wani mai tantabaru, zance ya yi daɗi, na bi shi har Mai Wurno. Kwana biyu, Abdussalami! Kai da in an ce maka gobe, gobe kake jira. Na shigo gari da lemun a aljihu, na tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Kunya da tsoro suka hana ni shiga gidanka. Na ce ka tafi da fushina, kuma ka yi gaskiya. Sai ɗazu ɗiyarka Hadizatu ta tare ni a bakin zaure.

"Baffa, ya bar maka saƙo. Ya ce za ka zo, sai dai bayan an gama, kada kowa ya yi maka faɗa."

Na kasa ɗaga kai.

"Ya ce kuma a tuna maka, ka tsaya ne a inda akuyar ta faɗa tur'a."

Na yi kuka a gaban yarinyar nan, ban ɓoye ba.

Ya Allah Ka ji ƙan Abdussalami, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da gonakin bayinKa. Inna Hauwa uwargidansa, Hadizatu, da dukkan dangi, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ni ma ku sa ni a addu'a.

Akuyar ta fita, abokina. Da rawanina na jawo ta, tana nan da ranta. Wannan kaɗai ya rage a labarin, kuma yau na kai shi ƙarshe.