Dogo da Hanyar Azbin

Abdulbaqi ne sunansa na yanka, amma daga Ɗanzomo har Maigatari kowa Dogo yake ce masa. Ɗan manoma ne, gero da wake da riɗi, sai dai hankalinsa bai taɓa zama a gona ba. Da ya samu babur sai ya shiga jigilar kaya ranar kasuwar Maigatari: buhu, jarka, wani lokaci har rago a ɗaure a baya, ya tsallaka da su ƙauyukan Nijar ya dawo. Abin da ya raba shi da sauran 'yan acaɓa shi ne duk shekara da an gama girbi sai ya ɗaure tabarma da buta da kayan faci, ya kama hanya zuwa inda ba shi da dangi ba shi da ciniki, don kawai ya ba idonsa abinci.

Ba shi kaɗai yake tafiya ba. Akwai amininsa Cindo, bakanike a Sule Tankarkar, gajere mai yawan dariya. Ƙasarsu shimfiɗe take kamar faifai, shi ya sa duwatsu suka shiga ransu. Sun je Jos. Sun hau Mambila, inda suka ga ganyen shayi ya lulluɓe tuddai, gajimare kuma yana ƙasansu. Sukan dawo da ƙura har cikin kunne da labarin da ake sauraro a majalisa har damina.

Wani Buzu mai sayar da raƙuma ne ya ba su labarin Timiya, wani gari a cikin duwatsun Azbin, arewa da Agadas, inda ruwa ke fitowa daga dutse, lambuna cike da lemu da rumman da inabi. Dogo ya kasa barci mai kyau tun daga ranar.

Mahaifiyar Cindo, Inna Ummulkhair, ba ta so tafiyar ba. Matar ɗanta tana da tsohon ciki. Da Dogo ya je gaishe ta, ya durƙusa a bakin ɗakinta, ta ce, "Abdulbaqi, kai ne kake ja mini shi. In kai ba ka da mai kuka, shi yana da su."

"Inna, ki sa mana albarka. Kafin suna mun dawo."

Ta saki labulen ɗakinta.

Suka bi ta Damagaram, suka ratsa Tanut, suka kai Agadas, daga nan kwalta ta ƙare, sai tsakuwa da baƙin dutse. Sun isa Timiya kuwa. Wani dattijo mai lambu ya tsinko musu inabi, ya ce da can Turawa masu yawon buɗe ido sukan zo, suna cewa a ƙasarsu giya ake yi da shi. Cindo ya kwashe da dariya, baki cike, ya ce, "Allah ya shirye su, Baba. Abu mai daɗi haka a ɓata shi?"

A hanyar dawowa, da hantsi, suna gangarowa wani kwari, birkin babur ɗin Cindo ya tsinke. Dogo yana baya a kan nasa, yana kallo. Babur ya bar hanya, ya daki dutse, ya wuntsila ƙasa da mai shi. Da Dogo ya sauka ya iske shi da ransa, idonsa biyu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Babu mota, babu layin waya. Ya cire rigarsa ya yi masa inuwa, yana ɗiga masa ruwan buta a baki.

"Dogo, ƙafafuna suna nan?"

"Suna nan. Yi shiru, za a zo."

Ba a zo ba sai bayan la'asar, wasu makiyaya da jakunansu. Kafin nan Cindo ya cika. Su suka taya Dogo yi masa wanka da salla, suka haƙa abin da ƙasar ta yarda a haƙa, suka jera duwatsu a kai.

Dogo ya dawo gida ya tarar matar Cindo ta haihu, namiji. Ya tsaya a zauren gidansu ya faɗi abin da ya zo da shi. Babu wanda ya zage shi, amma daga ranar Inna ta daina amsa gaisuwarsa, majalisa kuma takan watse in ya doso. Ya koma jigilarsa, duk ranar kasuwa yana ajiye cefane a zauren gidan Cindo ba tare da ya yi sallama ba. Bai ƙara wuce Damagaram ba. Shekarar da aka rufe iyaka aiki ya mutu, idonsa kuma ya fara dishi-dishi. A asibitin Gumel aka ce hawan jinin ido ne, an makara. Da ya kusa banke wata mata a Gagarawa, ya sauka ya tura babur ɗin da hannu har wurin dillali.

Bara Inna ta kwanta ciwo, ta aika a kira shi. Aka ja masa sanda har bakin gadonta.

"Abdulbaqi, ina so ka kai ni inda ka bar shi."

"Inna, hanyar ba ta biyuwa yanzu, 'yan bindiga sun cika ta. Ni kuma ko hannuna ba na gani."

Ta ce, "To faɗa mini yadda wurin yake."

Ya faɗa mata: kwari ne tsakanin duwatsu biyu, akwai wata ƙaya a gefe, makiyaya na bi ta nan da safe.

"Sun san akwai mutum a wurin?"

"Waɗanda suka haƙa sun sani."

Ta juya fuskarta bango, ta ce a mayar da shi gida. Ranar Laraba ta rasu. Dogo ya bi jana'izar a sahun baya, wani maƙwabci riƙe da hannunsa.