Zumar da Tabawa Ta Ajiye

A ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa gidajen Kirista ba su da yawa, kuma namu ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. Amma idan aka ci tuwon dare Kaka ta zauna a gaban murhu, ba ka bambance ɗan coci da ɗan masallaci a cikin yaran da suka kewaye ta. Jikokin Goggo Dija, maƙwabciyarmu Bafulatana, su ne ma suke riga mu kama wuri. Kaka, mahaifiyar babanmu, ƙaramar mace ce mai babbar murya. Takan binne gyaɗa a toka mai zafi, ta ce duk wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da rabo.

A shekarar da nake son ba da labari, mota ta buge yayana Bulus a hanyar kasuwa. Aka kai shi asibiti a Kano, Baba ya tafi jinyarsa. Babu mai waya a ƙauyen a lokacin. Labari sai ranar kasuwa idan wani direba ya kawo, kuma kullum iri ɗaya ne: likitoci suna dubawa, ba a sani ba ko za a yanke ƙafar.

Bulus ɗan fari ne, saboda haka Mama ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma kuka a gaban mutane. Sai abin ya koma mata ciki. Ita da take ba da waƙa a zumuntar mata ta coci, ko a bakin turmi aka daina jin muryarta. Za ta tuƙa tuwo ta raba wa kowa, nata ta rufe da faifai, da safe ta ɗumama mana shi. Goggo Dija ta kawo mata kindirmo, ta karɓa ta yi godiya, ta miƙa mana. Ta rame har wuyanta ya fito. Idan aka yi mata magana sai ta ce, "Zan ci, idan yaron nan ya dawo."

Rannan Mama tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsince wake, nesa da wuta. Kaka ta gyara zama yadda muryarta za ta kai can, ta ce, "Ku matsa, ga wata ta iso da ƙafarta."

Muka ce, "A ba ta tabarma!" Haka take buɗe tatsuniya, ban taɓa ji a bakin kowa ba sai ita.

Ta ce an yi wata mata, Tabawa, wadda mijinta ya samo zuma a kogon kuka, ya kawo mata cike da tukunya. Yara suka taso da murna. Tabawa ta ce a'a, irin wannan zuma ba ta kowace rana ba ce, sai ranar da babu wata damuwa a gidan. Ta liƙe bakin tukunyar, ta tura ta ƙarƙashin gado.

Da aka kwana biyu yara suka ce, "Yau fa?" Ta ce ba su ga akuya ba ta da lafiya ba? Akuya ta warke, ɗaki ya fara yoyo. Aka gyara ɗaki, haƙori ya kama ƙaramar ɗiyarta. A nan Kaka takan riƙe kunci ta yi nishi, mu yi ta dariya. Haka shekaru suka yi ta tafiya: wannan zai yi aure, waccan tana da ciki, maigida yana tari. Yaran suka girma suka daina tambaya.

Wata safiya Tabawa ta tashi, ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga damuwa ko ɗaya ba. Akuya ba ta ciwo, don babu akuya. Babu mai haƙori, babu mai tari. 'Ya'ya suna garuruwansu, maigida ya daɗe a ƙasa. Ta ja tukunya ta buɗe, ta ɗaga murya ta ce, "Ku zo, yau ce ranar!" Ba wanda ya amsa.

Kaka ta ce, "Na sauke ta a nan, mai so ya ɗauka."

Sai Sale, jikan Goggo Dija, ya ce, "Kaka, to zumar ta lalace?"

"Ina! Tana nan da zaƙinta kamar ranar da aka kawo ta. Masu shan ne babu."

Ta tono gyaɗa ta raba mana, sannan ba tare da ta juya ba ta ce, "Hannatu."

Mama ta ce, "Na'am, Inna." Haka take kiran surukarta.

"Ubangijin da yake riƙe da yaron nan a Kano, shi ne ya ba da dawar da kika tuƙa yau. Kin amince masa da wancan, me ya sa kike mayar masa da wannan?"

Mama ta ajiye waken da take tsincewa. Da ta yi magana muryarta ƙasa-ƙasa take. "Inna, ba ya wucewa ne."

"Na sani. Ni ma jikana ne. Kawo shi nan mu gwada tare, loma ke, loma ni."

Ni aka aika na ɗauko kwanon da sauran miyar kuka. Kaka ta ɗora hannu a kai ta yi gajeriyar addu'a, ta gode wa Yesu don tuwo, don wuta, don yaran maƙwabta, sannan ta ambaci Bulus da sunansa. Mama ta kai loma ta farko hawaye na zuba a hannunta, ba ta share ba. Na ce, "Kaka, ba kin ci naki ɗazu ba?" Ta harare ni ta ce, "Ke aka sa ki ƙirga mini?" Mama ta yi dariya da tuwo a baki, har ta ƙware.

Ranar Lahadin da ta biyo baya ta ba da waƙa a coci, alhali babu wani sabon labari daga Kano. Sai bayan Kirsimeti Bulus ya dawo. Ba a yanke ƙafar ba, amma ta gajarce. Yau yana gyaran babura a Taura, da ɗingishinsa da 'ya'yansa.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada mutum ya yi rowa. Sai da na girma, na zama malamar makaranta a Dutse, muna zaune a unguwar Limawa, maigidana ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, sannan na fahimci abin da Kaka take nufi. Ba ta ce wa Mama ta daina damuwa ba, ba ta kuma yi mata alkawarin yaron zai warke ba. Ita ma ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne alherin Allah ba ya jira sai an gama wahala kafin ya shigo gida. Yana shigowa a tsakiyarta, kowace rana da nata, kuma karɓarsa ba cin amanar wanda yake kwance ba ne.

Har yanzu ina roƙon Ubangiji ya ɗaga maigidana, kuma ban gaji ba. Amma da la'asar, idan na dawo daga makaranta, nakan fito da kujerarsa ƙofar gida. Masu wucewa masallaci su tsaya su gaishe shi, yaran unguwa su kawo masa ƙarar juna, shi kuma ya yanke hukunci da hannunsa mai lafiya. Jiya na yanka masa mangwaro ina ba shi a baki, ruwan yana gangarowa a gemunsa. Harshensa ya yi nauyi, magana sai da ƙoƙari. Ya daɗe yana haɗa ta, na sunkuya na kasa kunne, ina zaton wani wuri ne yake masa ciwo.

Ya ce, "Rifkatu, ke ma ki sha. Da daɗi."