Kwalekwalen da Ke Bayan Ɗakinmu

Jiya masu gyaran titi suka dafa kwalta, warin ya shigo ta taga, sai da na nemi wuri na zauna. Shi ya tuna mini da abin da zan rubuta muku.

A gidanmu na unguwar Nima, bayan ɗakin girki, akwai wani tsohon kwalekwale. Kakan kakana ne ya sauko da goro a cikinsa daga Salaga, zamanin da Turawa ke yaƙi da Asante. An sauya masa haƙarƙari, an sauya gefe, amma katakon gindin nan baƙi na asali ne.

Kowane rani kakana sai ya kife shi, ya bi tsagogin da wuƙa, ya cusa auduga da man kaɗanya, ya bi da kwalta mai zafi. Maƙwabta na leƙowa ta katanga.

"Baba, yaushe ne ɗufanar?"

"In ta zo, ku zo da kuɗin mota."

In ya gama, ba ya neman kogi. Sai ya ɗora shi kan duwatsu, ya cika cikinsa da ruwa, ya kwanta a ƙarƙashi yana duba ɗigo. "Amarya," haka yake tsokanata, "inda ruwa ya fita, ta nan zai shigo."

Da ya rasu, kawuna ya so ya faskara kwalekwalen ya ba mai koko. Na hana. Ranin bana ni na cusa audugar, ni na kwanta a ƙarƙashi. Sau uku yana ɗiga a fuskata, sau uku ina sakewa.

Ranar Talata da hantsi babbar gota, magudanar ruwan unguwarmu, ta cika ta tumbatsa da ruwan sama. Kafin mu ankara ruwa ya kai mana ƙugu, ga kakata ba ta iya takawa. Ni da kawu muka ɗauke ta muka sa a cikin kwalekwalen, muka tura zuwa tudun masallaci. Ruwan na jan ƙafata, ina kuka, idona na kan katakon gindin nan kawai.

Da muka isa, kakata ta shafa zanenta, ta miƙa wa kawu gefensa.

"Taɓa ka ji, mai faskare."

A bushe yake.

Yanzu yaran unguwa ba su san warin kwalta ba sai a titi. Amma ɗazu kawu ya dawo daga kasuwar unguwar Madina da buhun auduga, ya ajiye a ƙofar ɗakina.