Raguna biyu a sunan autarmu

Mu biyar ne a gidanmu na Gadarif, duk mata, har mutanen unguwa suna ce wa Baba shugaban makarantar 'yan mata. Shi dariya yake yi, dariyar yaƙe. Kakarmu ta wajen uba kuwa, wadda muke kira Habboba, ko murmushi ba ta yi. Kullum zancenta ɗaya: wa zai gaji gonar riɗi?

Da Inna ta sami ciki na shida, Habboba ta je wurin wata mai duba da wuri, ta dawo da albishir cewa namiji ne. Ta hana Baba sakat sai da ya hau lori zuwa Doka ya sayo raguna biyu, don a wurinmu biyu ake yanka wa ɗa namiji, mace ɗaya. Wata biyu muna yi musu bauta. Ni ce babba, ni ke kwasar kashinsu, kuma har yau ban yafe wa mai baƙin kunnen ba.

Ranar wata Laraba da hantsi Inna ta sauka. Ungozoma ta leƙo ta ce mace ce. Habboba ta ajiye kofin jabana, gahawar da take sha, ta ce wa Baba a gabanmu:

"Halas, shi ke nan. Ɗayan ragon ka mai da shi kasuwa. Uwar kuma bayan simaya, da zarar an gama suna, ta tafi Hawata wajen iyayenta ta huta. Ba sai ta yi saurin dawowa ba."

Shekarata goma sha biyu, amma na san irin wannan hutun. Wata maƙwabciyarmu ta tafi shi, ba ta dawo ba. Na ji tsoro ƙwarai. Baba kuwa dama ba ya iya ja da uwarsa. Kwana shida Inna na ninke kayanta a hankali, tana cewa gyara take yi.

Safiyar suna aka yanka rago ɗaya. Mahauci na goge wuƙa sai Baba ya ce, "Ya zol, kawo ɗayan ma." Ko zuciya ce ta motsa masa, ko gajiya ya yi da ragon da ke cinye masa dawa, ban taɓa tambayarsa ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne fatu. Mahauci ya shanya su biyu a kan dangar ƙofar gida. Duk wanda ya doso sai ya ƙirga, ya buɗe hannuwa tun daga nesa.

"Mabruk alwalad! Allah ya raya magaji!"

"Mace ce," in ji Baba, kamar mai neman gafara.

Na biyu ya zo, haka. Na biyar, haka. Wani tsoho da suke noma tare ya ce, "To raguna biyu fa, Haj?" Nan Baba ya fara ƙulewa. Kafin azahar ya daina jira a gama gaisuwa, da mutum ya kunno kai sai ya ɗaga murya: "Mace ce! Bit! 'Yata ce, kuma ragunana ne! Shigo ka ci nama!" Muka ɓuya bayan randa muna dariya har da hawaye. Habboba ta ja mayafi ta shige ɗakinta, amma an kai mata hanta kuma ta ci.

Na shiga wajen Inna da kwanon romo don in ba ta labari. Na tarar da ita zaune a bakin gado, jaririya a cinya, ta karkata kunne wajen ƙofa. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Can muryar Baba ta sake tashi, har da tari.

"Sau biyar na haifa masa kafin wannan," ta ce, "ban taɓa jin ya ce 'yarsa ce da ƙarfi ba." Ta share ido da gefen zane. "Je ki ce wa ƙannenki su daina kuka a ɓoye. Ba inda za ni."