Malama Herminia da Darasin da Aka Saƙa

Ga ta nan, ga ta nanku. To ku ce ta zo mu ji ta mana! Sai dai wannan ba ta Gizo ba ce, mai ita tana nan da ranta, ranar Juma'a ta ajiye alli.

Shekara talatin da huɗu, tun raɓa ba ta bushe ba, Malama Herminia Tzoc take hawo tudun garinmu da wainar masara ƙunshe a ƙyalle. Ta buɗe makarantar nan mai aji ɗaya, ta buga tsohuwar garma da muke kira ƙararrawa, ta ce, "A zauna!" Mu da ke wanki can gindin rafi, wallahi har mu sai mun gyara zama. Murya ce irin ta da, wadda ba a yi yanzu.

Muryar nan ce ta soma tafiya, shekara biyar da suka wuce. Da safe takan samu ta tsawon shan kunu kawai, daga nan sai raɗa. Don Fulgencio, mai duba makarantu, ya hawo ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in damina ta fita ba a karatu, zai rufe ajin, yara su riƙa sauka birni. Tafiyar awa biyu! Ta san ƙananan ba mai barinsu, a gonar kofi za su ƙare.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta tuna wani abu da aka nuna musu a taron malamai, ɗan akwatin zane mai ɗigon baƙi da fari da ake kira QR, wanda in ka haska shi da waya sai ya buɗe abin da aka ajiye. Kullum da safe sai ta zuba 'yar muryar da ta rage cikin tsoffin wayoyin makaranta uku, yau lissafi, gobe haruffa. Ta bugo zanen kowane darasi a takarda, ta manna a bango. Yaro ya haska, Malama ta yi magana.

Sai ruwa ya sauka. Bangonmu kuwa gumi yake kamar mai zazzaɓi. Cikin mako biyu takardun suka jiƙe, tawada ta narke, wayoyi suka yi gum.

Tana zaune da takarda ɗaya da ta tsira, sai ga Doña Petrona Ixcoy, babbar masaƙiyar garin, mai bakin da ba ya jiran gayyata.

"Wannan ne ya ramar da ke haka? Baƙi da fari kawai? Miƙo nan, 'yar nan. Zare ba ya narkewa."

Ta ɗaura masaƙa a ƙugu, kwana shida ta kawo zanen a saƙe. Kai, kun ga kyau! Ta sa ja, ta sa kore, ga tsuntsaye biyu a tsakiya suna kallon juna. Aka haska. Shiru.

"Wayar taki baƙauyiya ce, ba ta san ado ba," in ji Petrona.

Herminia ta matso kunnenta ta raɗa, "Goggo, tsuntsayen za ki cire."

"In cire me? Shekara hamsin ban taɓa fitar da saƙa tsirara ba. So kike a ce a kasuwa Petrona ta makance?"

"Yara ashirin da bakwai ne, Goggo. Har da jikokinki biyu."

A wurinmu warware saƙa abin kunya ne, mai koyo ake sa wa. Petrona ta warware, a tsakar gida, kowa na gani, tana mita. Ta sake, ɗigo bayan ɗigo, Herminia na ƙirga mata da yatsa. Da aka haska, sai ga murya tangaram daga jikin ƙyalle: "A zauna!" Petrona ta zauna daɓas a ƙasa kafin ta ankara. Mun yi dariya har da hawaye.

Kafin damina ta fita, matan gari mun saƙa arba'in da ɗaya. Tsuntsaye aka yarda a sa su a gefe. Don Fulgencio ya zo da makulli a aljihu, ya tarar da yara uku-uku a kan waya, Malama na zagayawa tana gyara hannu a kan fensir. Makullin bai fito daga aljihu ba, sai ma ya nemi a ba shi kunu.

Herminia, ke ce uwar aji. Ke ce kika raba ɗan abin da ya rage miki har ya ishi gari. Mun gode, 'yar Tzoc. Ku kuma malaman yanzu, in abu ya ƙare muku, ku leƙa gidan maƙwabta kafin ku ce ba hali.

Petrona ta rasu bara. Don Fulgencio an mai da shi wata gunduma. Cikin yaran nan ashirin da bakwai, ba wanda ya bar karatu. Sabuwar malama za ta kama aiki ranar Litinin. Herminia tana gida tana kiwon kaji, ba ta magana sam yanzu, makaranta kuwa a buɗe take.