Kalangu a Lasifikar Masallacinmu

Baffa, wan mahaifina, shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Kwarbai tun kafin a haife ni. Shekarar da wani Alhaji ya sayo wa masallacin lasifika, sai aka ɗaure ta can saman darbejiya, aka ja mata wata doguwar waya duk gaɓa-gaɓa, ta bi kan katanga har cikin masallaci.

Wata rana da la'asar, Baffa na tsakiyar kiran salla, sai ga kiɗan kalangu siriri yana fitowa ƙarƙashin muryarsa. Mata a cikin gida suka saki muciya suna salati. Mu yara kuwa har da 'yar rawa, Allah ya yafe mana.

Shi bai ji komai ba, ladani ai yatsu yake sawa a kunne. Da Liman ya tambaye shi, ya ce, "Allah gafarta Malam, wane kalangu kuma?" Amsar nan ce ta ja masa. Kowa ya san Baffa da 'yar rediyonsa a aljihun riga, ko kasuwa za shi tana nan. Aka ce mantawa ya yi bai kashe ta ba, ga shi kuma yana musu. Da abin ya maimaitu, aka ce ya huta haka nan, girma ya zo. Aka ba wani matashi kiran.

Baffa ya sa hannu a aljihu. Ya miƙa min rediyon, ya koma sahun baya. Wallahi na ji haushi, amma wa zai saurare ni?

Ba a jima ba, matashin na kiran magariba, sai ga mai karanta labarai tiryan-tiryan a lasifika. Nan fa aka nemo mai gyaran rediyo daga Tukur-Tukur. Ya ce wayar ce: ta yi tsawo, ba ta da rufin kirki, ta zama eriya, duk tashar da ta yi ƙarfi sai ta kwaso ta. Ya sauya waya, magana ta ƙare.

Liman da kansa ya zo zaurenmu ya ce Baffa ya yi haƙuri ya dawo. Baffa ya ce to. Washegari da azahar ina leƙe ta taga, ya tsaya gaban makirufo, ya kai hannu kunne, sai ya sauke. Haka ya yi kiran, hannuwa a ƙasa, yana sauraro. Har ya rasu bai ƙara toshe kunnensa ba.